Kar Ka Taɓa Sai Na Dawo

Alhamis, 8 ga Afrilu, 2010

Kuran, wutar lantarkin nan tamu, ya ɗauke ina tsakiyar gadar igiya a cikin wasa. Komai ya tafi, har takobin da na sha wuya kafin in samo, da Dogo mai gatari da ya yarda ya bi ni da ƙyar. Gobe sai in sake farawa daga ƙauyen farko, tsohuwar nan ta sake miƙa mini fitila, ta sake yi mini dogon jawabinta. Na haddace shi kamar karatun sallah.

Ni na jawo wa kaina da na ciro injin wasan daga ƙarƙashin gado. Rabin yaran kilas ɗina sun bi iyayensu cin rani tun da hatsi ya ƙare a rumbuna, sauran kuma kafin azahar yunwa ta kore su gida. Mutum ya dawo ɗaki, ga zafin Tasawa, rediyo kuma ba abin da take faɗi sai sanarwar sojoji. Dole hannu ya yi ƙaiƙayi.

Asabar, 10 ga Afrilu

Bari in rubuta dalilin, don yau na kusa mantawa da shi.

Wasan nan wuri ɗaya tak yake yarda da shi a katin ajiya. Ka ajiye sabo, ya shafe na da. Na da kuwa na Yaya Mati ne.

Kawu Dikko ya zo da injin daga Kano cikin kayan shago, shekarar da na shiga kwaleji. Lokacin ma sojoji ne a sama. Ba wanda ya taya, sai ya zama namu. Mati yana tsare wa Kawu shago, bai taɓa taka lakwal ya yi boko ba, maganar mutanen wasan kuwa duk faransanci ce. Sai muka raba aiki: shi ya riƙe manet, abin dannawar, ya yi faɗa da dodanni, ni in karanta in mayar masa da Hausa. Matar da ke warkar da rauni muka sa mata Hajiya. Sarkin garin gishiri kuwa da muryar Kawu nake yin sa, Mati ya yi ta dariya har dodo ya cinye shi.

Shekaru muka yi muna fama, yau babu kuran, gobe faifan sidi ya cije. Sai a shekarar yunwar 2005 muka kai ƙofar hasumiyar ƙarshe. Ya ajiye a nan, ya ce kar in taɓa sai ya dawo mu ƙarasa tare. A makon ya hau mota zuwa Libiya. Ya kira ni sau ɗaya daga Dirku. Shi ke nan.

Ba na buɗe nasa, ba na shafe shi. Sai dai in fara sabo in yi ta gudu kafin kuran ya kama ni.

Lahadi, 18 ga Afrilu

Na je kasuwa wurin Sha'ibu mai gyaran tele neman kati na biyu. Ya juya nawa a hannu kamar ya ga kuɗin zamanin Turawa. Wai ko a Maraɗi ba za a samu ba, amma zai sa a duba masa a Kano.

Daga nan na biya shago, Kawu ya ɓata mini rana. A'i, matar Mati, ta kai maganarta gaban alƙali. Tana son a warware mata auren. Akwai wani Hamani mai sayen wake daga Attantane, matarsa ta rasu, ya ce zai riƙe ta da ɗiyar Mati, Safi. Alƙali ya ce sai wanda ya ji muryar mijin a ƙarshe ya zo ya faɗi da bakinsa cewa tun daga ranar babu labari, babu aike. Wato ni.

Na ce wa Kawu ya je a madadina mana. Ya ce shi ba zai shiga tsakaninsa da ƙanwarsa ba, Inna ta rantse duk wanda ya je ba ita ba shi. Ya iya zame jiki, Kawu, tun muna yara haka yake.

Ba zan je ba. Hamanin wake!

Talata, 20 ga Afrilu

Gadar igiya. Kuran. Tsohuwa da fitilarta.

Laraba, 28 ga Afrilu

Yau an bar mana wuta tun hantsi har bayan la'asar, ban san wa ya yi mantuwa ba. Na wuce gada, na wuce dajin da itatuwansa ke tafiya, har na hango garin gishiri daga nesa. Kiɗan wurin yana nan yadda na san shi. 

Faɗa ne ban iya ba. Yatsuna na mai alli ne. Inda Mati ke wucewa yana cin gyaɗa da hannu ɗaya, ni sai an kashe ni an sake kashewa. Kuma na kama kaina ina fassara da ƙarfi, har da muryar Kawu, a ɗakin da babu kowa sai ni da fanka. Na ji kunya, na yi shiru, daga baya kuma shirun ya fi damuna.

A bakin garin akwai dutse mai haske inda ake ajiya. Na tsaya kusa da shi na daɗe. Na wuce. Ba a jima ba aka ɗauke.

Asabar, 8 ga Mayu

Urafane. Na kai wa Inna hatsi da sukari, abin da na iya.

Garin ya zama na tsofaffi da mata. Bakin hanya gawar shanu, ba mai ko kallonsu. A gidanmu na tarar da A'i tana canza wa 'ya'yan anza na daji ruwa, wai kwana da kwanaki ake jiƙa su kafin ɗacin ya fita a iya ci. Rabon da in ga anza a gidanmu tun shekarar da Mati ya tafi. Safi ta zo gaishe ni, gashinta ya yi ja, wuyanta kamar na ɗan tsako. Kamarta da ubanta har tsoro take ba ni. Na ba ta biskit, ta raba biyu ta ɓoye rabi cikin zane.

Abin da nake aikowa ba ya kai su tsakiyar wata. Na sani, na dai saba kauda kai ne.

A'i ta riga ta yi binne a gonar Mati. Ta zuba irin da ya rage cikin busasshen rairayi, ita kaɗai, tana jiran ruwan farko ya same shi a ƙasa. Ba ta ce mini komai a kan alƙali ba. Ko wasan da ta saba yi mini na ƙanen miji ba ta yi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Inna ce ta ja ni ɗaki. “Waɗanda sunka hi shi daɗewa sun komo,” in ji ta. Ta lissafo mini wani ɗan Issawane da aka yi wa sadakar arba'in, sai ga shi da akwati. Da zan fita ta riƙe mini hannu. “In ka tsaya gaban alƙali, to kai ka kashe min ɗa, ba hamada ba.”

Na ce ba zan je ba, Inna. Da zuciya ɗaya na faɗa. Amma a mota duk hanya rabin biskit ɗin nan nake gani.

Lahadi, 16 ga Mayu

A'i ta zo kasuwa, ta biyo ɗakina da rana tsaka ba tare da aike ba. Ta same ni zaune a tabarma da manet, ƙato da ni, mai koyar da 'ya'yan mutane, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin lakwal. Na miƙe zan kashe, ta ce in bari, ta san injin, ai shi ne ya cinye mata amarci.

Ta zauna bakin ƙofa tana kallo. Kamar an aiko su, suka ɗauke wutar. Da ta dawo bayan ɗan lokaci, sai ga ƙauyen farko, ga tsohuwa. A'i ta ce ina wurin da nake ɗazu? Na yi mata bayanin katin, da hasumiya, da abin da Mati ya ce. Ina jin kaina ina bayanin da wani irin alfahari, Allah ya shirye ni. Na zaci za ta yi kuka.

Dariya ta yi. Ba ta mugunta ba, ta gajiya.

“Mushe, haka yac ce ma kowa. Ni yac ce kar in hita gidan sai ya komo. Inna yac ce kar ta saida tunkiyatai sai ya komo. Tunkiya, Inna da kanta ta kai ta kasuwa tun bara waccan, da kuɗinta munka ci tuwo.”

Ban san da maganar tunkiyar ba. Na ce ai dabba daban, aure daban. Na ce mata abubuwa da yawa, har da wanda bai kamata ba a kan Hamani. Ta bar ni na gama.

“Ban ce ka ce ya mutu ba. Ni ma ban sani ba. Abin da ka sani za ka hwaɗi.” Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin. “Kai kana jiranshi da fanka bisa kanka.”

Ta ɗauki kwandonta. Ruwan da na ba ta ma rabi ta sha.

Litinin, 17 ga Mayu

Wace ce ita da za ta auna mini jira? Wa ya fi ni sanin Mati?

Na yi wa wani yaro tsawa a kilas don ya yi hamma. Wataƙila bai ci komai ba tun jiya.

Alhamis, 20 ga Mayu

Ban kunna ba. Na share ɗaki, na wanke kayan da ba su yi datti ba, na je tasha na tsaya kallon motocin Agadas kamar mai jiran baƙo. Na san ba shi a ciki. Duk da haka duk mai dogon wuya da ya sauko sai na leƙa fuskarsa.

Abin da ke cina shi ne ba ƙarya ake so in yi ba. Da ƙarya ce da na samu inda zan tsaya in yi fushi.

Laraba, 26 ga Mayu

Katin Kano ya iso. Na baro shagon Sha'ibu kusan da gudu, ina cewa to an huta, kowa da wurinsa, Mati da nasa ni da nawa. Bai shiga ramin ba. Na injin da ya fito daga baya ne. Na tura, na juya, na sake turawa har gefensa ya tsage. Na jefa shi bayan katanga, daga baya na je na ɗauko don kar Sha'ibu ya tambaya.

Da yamma Kawu ya ce an yi yayyafi a Urafane makon jiya, irin wanda ke jiƙa saman ƙasa ya tsaya. Binnen A'i ya tsiro, rana ta ƙone shi. Babu sauran iri. Safi kuma tana zawo, an kai ta likita a bayan amalanke, Hamani ne ya biya amalanken. Kawu ya faɗi sunan yana kallon wani wuri.

Na kunna don in daina tunani. Tsohuwa ta fara jawabinta, na ji kamar in shaƙe ta.

Lahadi, 30 ga Mayu

Safi da sauƙi, an ce ta sha kunu.

Na fara shirya abin da zan gaya wa Inna, na bari. Babu yadda za a jera shi ya yi daɗi.

Alhamis, 3 ga Yuni

Ba wani abu ba ne mai tsawo. Na ɗauka za a yi ta tambayoyi. Alƙali ya ce yaushe na ji shi, na ce daga Dirku, shekarar yunwa. Ya ce tun daga nan fa? Na ce babu. Ya ce aike? Na ce babu. Muryata ta fita lafiya lau, har na ji haushinta. A'i tana gefe cikin mayafi, ba ta dube ni ba. A waje ta ce “Mushe, ka ci abinci kuwa?” Na ce na ci.

Na kira sallular maƙwabcin Inna. Ya je ya dawo, ya ce wai tana sallah. Ba lokacin sallah ba ne.

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Da azahar na kunna, tunda ba abin yi. Na wuce gada, na wuce daji, na kai dutsen bakin garin gishiri. Sau biyu injin yake tambaya kafin ya rubuta a kan na da. Na ma manta haka yake yi. Duk biyun na amsa.

Magariba aka ɗauke wuta. Da ta dawo, daga garin gishiri na tashi. Na shiga fada, sarki ya fara magana, na karanta a zuci. Na daɗe zaune ban danna komai ba.

Gobe zan sake kiran Inna. In ta ƙi, Asabar in je da ƙafata ta zage ni a gida.