Tumatirina Sun Kwanta

Belbeji, daren Talata, 9 ga Fabrairu

Tumatirina huɗu sun kwanta, saura biyar. Inna ta ce in suka kai Juma'a a haka, rabin bidon ruwa, wato jarka, da take bar mini kullum awaki za a ba. Tun daga rijiya ake ɗauko ruwan nan a kan jaki.

Kawu Ila ya zo daga Tarka, shi da ke aikin garka. Ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasar, ya fiddo shi da ƙura.

"Ƴata, yaushe kike ba su ruwa?"

Na sunkuyar da kai na ce da azahar, in na ga rana ta dame su.

"Kayya! Fuska kike wanke musu, ba su sha ba. Ki tona gurbi a gindi, ki zuba a hankali in rana ta faɗi."

Wata biyu ina yayyafa wa ganye ruwa, ni a tunanina tausayi ne. Kunya ta hana ni cin tuwo.

Bayan magariba na tona gurabun, na zuba musu ruwan wankana. Yanzu na leƙa da fitila. Yatsana ya fito da laka, amma ko ganye ɗaya bai ɗago ba.