Usaini Huɗu Sun Koma Ɗaya

Anti Bara'atu, don Allah ki ba ni shawara, na gaji. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, 'yar Sabon Birni. An ba mu aikin bincike mu uku, mu tattara sakamakon yaran firamare da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, mu shigar a manhajar jadawali. Da can ko kunna kwamfuta ban iya ba. A shagon cajin waya na koya, gidajen jadawalin ɗaya bayan ɗaya nake cikewa da yatsa ɗaya, in an ɗauke wuta in zauna jira.

Da na gama, sai Marwan, abokin aikinmu mai ji da kansa a kwamfuta, ya nuna min wani maɓalli da ke goge sunan da ya maimaitu. Wai tsabtace aiki, ya danna shi. To kin san mu, yaro sunan garinsu yake ɗauka. Usaini Gatawa huɗu ne a aji ɗaya, kowa da ubansa, na'ura ta bar ɗaya. Haka ta yi wa su Hadiyya Gangara. Kuma Marwan ya adana a kan aikina na farko, wancan ya goge.

Su Marwan sun ce mu miƙa haka, malami ba ƙirgawa zai yi ba. Amma hedimastan firamaren ya roƙi kwafi don yi wa yaran rajistar jarrabawa. In na sake aikin, za ni makara, a rage mana maki, su kuma su tsane ni. Wallahi ba ni da sauran ƙarfi.

Gajiyayya, Sabon Birni

Ƙanwata, sannu. Gajiyarki ta gaskiya ce, kuma tsoron su Marwan ba shirme ba ne, shekarar ƙarshe ba wasa. Shi ma ba mugunta ya yi ba, rawar kai ce.

Amma kada ki miƙa. Ki je wurin malaminku da kanki, ki nuna masa abin da ya faru, ki nemi ƙarin lokaci. Ɗalibar da ta gano na'ura ta haɗiye mata yara ta fahimci darasin fiye da wanda ya san maɓalli kawai. Sannan ku koma ga rajistar makaranta, ku ba kowane yaro lambarsa, ku ƙara layin sunan uba. Ku raba azuzuwan kashi uku, Marwan ya ɗauki mafi yawa. Kullum ki ajiye kwafi daban kafin ki taɓa komai.

Ko da an rage makin, za ki fita da takardarki. Su kuwa yaran nan an riga an kore su daga gidajensu, kada ranar jarrabawa su zo a ce babu sunansu.

Allah Ya ba ki sa'a, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Anti Bara'atu