Tsagar da ke Jikin Allo

Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Shekara uku ke nan rabona da gida, kuma ban taɓa zama rubuta miki wasiƙa na rasa ta inda zan soma ba sai yau.

Bana aka ba ni aji huɗu, allon ajin kuwa ya tsage daga sama har tsakiya. Ina duba littattafan yara sai na ga kusan kowa ya ja wani karkataccen layi yana ratsa kalmomi. Na ɗauka shaƙiyanci ne. Da na ɗaga kai na dubi allo, sai na gane. Tsagar suke kwafa. Ba su san inda rubutuna ya ƙare, lalacewar katako ta soma ba. Na ce wa wadda ta fi kowa kyan rubutu ta karanta min abin da ta rubuta, ta zuba min ido kamar na yi mata wani yare.

Sai na ture manhaja gefe. Yanzu ba na tambayar kaina babi na nawa muke, sai dai me nake so yaro ya iya kafin ƙarshen mako: ya karanta rubutun jikin kwalbar magani, ya rubuta wa uwarsa saƙo layi biyu. Na raba su kashi uku, masu gane baƙi, masu haɗawa, da 'yan tsirarun da ke karantawa.

Jiya mai makaranta ya kira ni ofis. Ya ce, "Malam, iyaye nauyin littafi suke ji a hannu, ba sa leƙa kan yaro." In babi goma sha biyu ba su shiga littattafai kafin jarrabawa ba, ba zai sabunta min aiki ba. Ba mugu ba ne, albashin mutum goma ke wuyansa. Amma na fito ofishin raina a ɓace.

Ki gaishe da yara. Ki saka ni a addu'a.
Mijinki.

Baban Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya, in ka cire abin da wasiƙarka ta saka min a ciki.

Kai ka tsaga allon? Kai ka haife su? Malamai uku suka bi ta kansu suka karɓi albashi suka yi gaba, sai kai, mai gyaran duniya! Mai gidan haya ya zo sau biyu, na biyun ko sallama bai yi ba, ya tsaya yana kallon keken ɗinkina kamar mai yi masa kuɗi. Rufin ɗakin yara yana yoyo, na jera kwanuka har na rasa na zuba abinci.

Don girman Allah, Malam, cika musu littafi. In littafi ya ƙare, ka rubuta musu a bango. Mu ma yara gare mu.

Allah ya kare min kai.
Matarka.

Maman Auta,

Na gaishe ki, na kuma ji faɗanki. Ba ki yi ƙarya ba ko ɗaya.

Na gwada bin shawararki. Da safe in cika allo su kwafa, lokacin hutun tara in tsare su mu yi karatu. Ga shi na yi biyu babu: kwafar ba ta sauri, karatun ya tsaya, yara na hamma da yunwa. Yarinyar nan mai kyan rubutu, wadda ta soma haɗa kalma tana dariya ita kaɗai, ta tambaye ni, "Malam, laifi muka yi aka mayar da mu zane?" Zane ta ce, ba rubutu ba.

Iyaye biyar sun cire 'ya'yansu. Wani direba ya zo har bakin aji yana kaɗa min littafin ɗansa a fuska, wai ya biya kuɗi ya ga farar takarda. Ban ga laifinsa ba, da guminsa ya biya.

Saura babi bakwai, saura mako biyu. In na rufe ido na sa su kwafa ba tsayawa, za mu kai. Na gaji, Maman Auta. Ki faɗa min abin da zan yi, wallahi shi zan yi.

Mijinki.

Baban Auta,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Da wasiƙarka ta zo ina kan ɗinki, sai na miƙa wa Auta na ce ta karanta min. Autarka, 'yar aji biyar, wadda nake ɗaga littattafanta ina nuna wa maƙwabta. Ta riƙe takardar ta daɗe. Can ta ce, "Mama, ko in kwafe miki?" Na ce karantawa na ce. Sai hawaye.

Na yi niyyar zuwa in ci mutuncin malaminsu, har na ɗauki mayafi. A bakin ƙofa na tsaya. Na ce wataƙila shi ma matarsa ce ta rubuto masa ya cika littafi.

Ka ce in yanke maka. Ba zan iya ba. Mai gidan haya ya ba mu zuwa ƙarshen wata, wannan ma gaskiya ce, ban janye ta ba.

Allah ya zaɓa mana.
Matarka.

Maman Auta,

Gaisuwa a gurguje, mota gobe da safe.

A babi na biyar muka tsaya. Mai makaranta ya sallame ni, ya biya ni cif, har bakin ƙofa ya rako ni bai iya haɗa ido da ni ba. Cikin yaran da suka rage, ashirin da uku suna karatu, tara suna haɗa baƙi, huɗu ban kai gare su ba.

Ki roƙi mai gidan haya ya jira isowata, in yi masa magana da bakina. Ki ce wa Auta ban yi fushi ba, ta fere fensir.

Sai na zo. Abin da na tara ke nan: kuɗin mota, da hayar wata ɗaya da rabi.