Takardar Mumbai Tana Ƙarƙashin Kujerar Babur Ɗina

Gwaggo Sindhu,

Ki taimake ni, na yi abin da ba zan iya faɗa wa ko ɗan'uwana na ciki ɗaya ba, ga lokaci yana ƙurewa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, kwana uku ke nan maganar tana cin raina.

Shekara goma na yi ina kansilan unguwarmu a majalisar birni, a garin nan namu da kowa ya sani da albasa. Babu kwatar da aka gina a unguwar da ban tsaya a kanta cikin rana ba. Sai a zaɓen da ya wuce aka zo ƙuri'ar kujerun da doka ta keɓe wa mata, aka zura hannu a tulu, aka zaro sunan unguwata. Na yi abin da kowa yake yi, na tsayar da matata, Ujwala. A fosta hotonta ƙarami, nawa babba. Ta ci. Hatiminta yana aljihuna, lambar wayar da aka rubuta mata a ofis tawa ce, a zaman majalisa kuma ina zaune a bayanta, in raɗa mata ta faɗa. Ita kanta a lokacin damuwarta ɗaya, a tashi da wuri kafin yara su dawo daga makaranta.

Sai aka kawo sabon kwamishinan birni, ya ce daga ranar miji ba zai ƙara shiga zauren ba. Muka koma rumfar mai shayi ta bakin ƙofa, mu bakwai mazajen kansiloli, muna kurɓa muna zagin gwamnati. Da ba ni a bayanta, sai Ujwala ta fara karanta takardun da kanta. Ni ne ma na saya mata tabarau, kin ji wauta.

Kin san duk shekara, kafin majalisar jiha ta zauna kan kasafin kuɗi, birni yakan aika mata da jerin buƙatunsa, abubuwan da ba ma iya yi sai an gyara doka a can. Bana aka ce guda biyar kawai za a aika. Mataimakin magajin gari, Ghorpade, yana son a ba birni izinin sayar da filin tsohuwar kasuwar shanu a gina katafaren kanti. Wasu suna son a ƙara harajin gidaje. Ujwala ta miƙe ta ce kuɗin da ake karɓa a kan kowane buhu a babbar kasuwar albasa duk sama yake tafiya, zuwa asusun jiha. A bar wa birni kashi biyu cikin goma, a gina rumbuna masu shan iska, manomi ya ajiye kayansa har farashi ya tashi, mata masu tsintar albasa kuma su samu aiki rani da damina.

Gwaggo, maganar nan tawa ce! Shekara bakwai da suka wuce na faɗe ta a wannan zauren, na buga tebur har muryata ta dushe. Magajin garin lokacin gyangyaɗi yake yi, magatakarda ko rubutawa bai yi ba. Ita fa me ta yi? Ta sa ɗan dako ya shigo da buhu guda daga gonar mahaifinta, cike da albasar da damina ta ruɓar, ta kwance bakinsa a tsakiyar zaure, ta roƙa a rufe tagogi. Ta ce, “Ranku ya daɗe, ku daure minti goma kawai. Babana wata uku ya yi yana shaƙar wannan.” Ghorpade ya fita da hankici a hanci. Kafin azahar buƙatarta ta zama ta ɗaya a jerin.

Tun daga ranar na rasa sukuni. Mutanen da suke ce mata matar yaya yanzu Tai suke ce mata, babbar yaya ke nan, ni kuma na zama mijin Tai. Jarida ta buga hotonta, abin da ya fito nawa kafaɗa ce da rabin kunne. Ta yi hira da 'yan jarida uku, ko sau ɗaya ba ta ce maigidana ne ya fara kawo wannan ba. Da na yi mata ƙorafi tana murza gurasa, sai ta yi dariya ta ce, “To ai shi ya sa ta yi kyau, maigida. Miƙo min gishirin can.” Har mai shayi ya samu bakin magana. Shekaranjiya cewa ya yi, “Yallaɓai, a ƙara sukari, ko sai Tai ta sa hannu?” Rumfar ta ɗauki dariya, ni ma na yi ta dole. Kishi nake yi, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba. Kishin matar da na aura tana da shekara goma sha tara, wadda har yau ba ta kiran sunana don kunya.

Ga abin da na yi. Ranar Litinin takarda ta zo daga Mumbai, babban birnin jiharmu. Kwamitin majalisar jiha zai saurari birninmu ranar Alhamis ta makon gobe, kuma sunanta aka rubuta. Dole ta amsa kafin ƙarfe biyar na yammacin Litinin mai zuwa, in ba haka ba mataimakin magajin gari zai tafi a madadinta. Mai kawo wasiƙa ni ya miƙa wa, kamar yadda ya saba. Na karanta, na ninke, na ɗaga kujerar babur ɗina na sa ta a ƙarƙashin tsumman goge mai. Da sakataren magajin gari ya kira, lambata ya kira, na ce masa mahaifiyarta ba lafiya, da wuya ta samu zuwa.

Na san Ghorpade. Kwata ɗin awar da za a ba birninmu, a kan kantinsa zai ƙarar da ita, albasa kuma ta jira baɗi, in ma an tuna da ita. Na sani sarai. Ita kuma kullum da safe sai ta tambaye ni ko an ji wani abu daga Mumbai. Ta goge koren sarinta, zanenta na fita taro, ta rataye a bayan ƙofa, ni nake wucewa ta gefensa.

Amma ki duba nawa ɓangaren. Baɗi kujerar za ta buɗe wa maza. In ta je Mumbai ta dawo da nasara, wace jam'iyya ce za ta cire ta ta sa ni? In yi shiru Litinin ta wuce, ko yaya zan yi? Ni ba ni da hakki a cikin wannan abu ne?

Tsohon Kansila, daga rumfar mai shayi

*

Ɗana Tsohon Kansila,

Na tsallake wasiƙu da yawa na amsa taka a jaridar wannan Asabar ɗin, don ka karanta da sauran kwana biyu a hannunka.

Hakkinka na fara ba ka. Ka yi wa unguwa aiki shekara goma, ƙuri'ar tulu ta raba ka da kujera ba tare da ka yi laifi ba, ka faɗi gaskiya a lokacin da ba mai saurare. Wannan yana da ciwo. Ujwala ma ta yi sakaci, kalma ɗaya a gaban 'yan jarida ba za ta rage ta da komai ba, kuma ba a amsa wa mai ciwo da “miƙo gishiri”. Ka gaya mata hakan, a zaune, ba cikin ƙunƙuni ba.

Amma abin da ka yi ya wuce kishi. Ka ɓoye takardar da ba sunanka a kai, ka ɗora wa surukarka ciwon ƙarya. Kuma ba za ta ɓoyu ba. Ranar Talata wani zai tare Ujwala a ofis ya tambaye ta jikin mahaifiyarta. Daga ranar, mai shayi zai samu abin da ya fi sukari daɗin faɗa, ita kuma ba za ta ƙara tambayarka komai da safe ba.

Yau ɗin nan, kafin ka ci abincin rana, ka ɗaga kujerar babur. Ka miƙa mata takardar da hannunka, ka faɗi abin da ka yi duka, har da maganar sakatare. Kada ka ce mantawa ka yi. Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi. Sannan ka kira sakataren da kanka ka gyara, ka ba shi lambarta, ka fito da hatimin nan daga aljihunka.

Bayan haka akwai aikin da kai kaɗai za ka iya. 'Yan kwamitin can ba buhu ne zai kayar da su ba, tambayoyi za su yi mata. Jiha za ta ce wa zai cike mata giɓin, wa zai kula da rumbunan, me zai hana a cinye kuɗin. Ka yi shekara bakwai kana juya amsoshin nan a ranka. Ka zauna da ita kwana huɗu, ka zama ɗan kwamiti mafi taurin kai, ka yi ta yi mata tambaya har ta iya amsawa ko cikin barci. Maganar kujerar baɗi kuwa ku yi ta bayan ta dawo, kuma ka fara da tambayarta abin da take so, don ban ga inda ka taɓa tambayarta ba a duk tsawon wasiƙarka.

Ka ce maganar albasa taka ce, kuma na yarda. Shekara bakwai kana jin haushin waɗanda suka ƙi saurarenta. To ga shi ta kai ƙofar majalisar jiha, kuma a duk garinku mutum ɗaya ne ya tare mata hanya. Ba Ghorpade ba ne.

Ka sayi tikitin jirgin ƙasa guda biyu. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kai ku lafiya, ya sa surukinka ya ga rumbun da idonsa.

Gwaggonka, Sindhu