Sunan da Ba Zai Fito Daga Bakina Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban biro, wato ofishin da ke sake duba koken ma'aikatan da aka sallama, a nan Dakoro.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina zafin bazara, ina Madam da yara? An ce mini har yanzu kana shan furarmu kamar mai shan magani. Ka yi haƙuri da ita, za ku saba.

Ni ce tsohuwar nan ta garin Mai Yara wadda gardin ƙofarku ke kira Kaka Mai Surutu. Rubutun nan da hannuna na yi shi. Matar wani malamin lekwal, makarantar boko, ce ta koya mini a Maradi, ina yi mata daka tana nuna mini baƙaƙe, don haka in ka ga layi ya gangara kamar akuya a tudu, laifin idona ne. Na sa a manna takardar a jikin tsamiyar biro, a kuma karanta ta a kasuwa, don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Na farko, godiya. Kafin zuwanka, mai ƙara yakan wuni a rana ya koma gida ba a ko dube shi ba. Kai ka kafa rumfa, ka sa randa da moɗa. Ka raba ranaku, mutanen Kornaka da tasu, na Ajekoriya da tasu, mu ma da tamu, kuma ba wadda ta faɗa ranar kasuwa. Takardun da a da ake lodawa a babbar motar kamiyo zuwa Maradi, su dawo gara ta ci rabi, yanzu a nan ake duba su. Tulin da na tarar bara ya kai kafaɗar komi, wato magatakardanku, bana ya sauko ƙugunsa. Na gani, na yaba, har na ce da matan garinmu da ina da sauran haƙora da na shigo takara da Madam.

Na biyu, abin da ya kawo ni. Ɗana na fari mai haƙar rijiya ne, yana cikin ayarin da kuke turawa daji. A ranin bara guga cike da laka ya tsinke ya sauka a kafaɗarsa yana can ƙasa. Aka sallame shi. Da ya nemi taimakon da doka ta ce a ba wanda aiki ya bari, aka ce ai shi ya gudu da ƙafarsa. Ya ɗaukaka ƙara zuwa gare ku, kuka ce ya zo da wanda ya yi jinyarsa. To wa ya yi jinyar? Ni na gasa kafaɗar nan da ruwan zafi, ni na ba shi kunu a baki yana zagin guga.

Muka zo ranarmu. Sabon komin nan naku ɗan kudu, mai tsabta kamar ango, ya ɗaga kai ya ce ta bakin tafinta in faɗi sunan mai ƙara. Na nuna shi da yatsa, ga shi zaune. Ya ce a'a, suna. Na ce Mai Rijiya. Ya ce ba wannan ba. Na ce uban tagwaye. Ya dubi tafinta, tafinta ya dubi rufin ɗaki. Shi kuwa ɗan nawa an hana shi buɗe baki sai shaida ta gama. Sai komi ya zare dosiyensa, takardun ƙararsa, daga sama ya cusa shi can ƙasan tuli, ya kira na gaba.

Na uku, ban ce dokarka banza ce ba. Na san dalilinta. Ana ɗauko shaidun haya a kasuwa da goro biyu, su zo su rantse a kan mutumin da ba su san ko sunansa ba. Tambayar nan ta kore su, Allah shi saka. Amma ranka shi daɗe, a ƙasar nan mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce da muka gada. Uwata ba ta faɗi nawa ba har ta rasu, kuma ban taɓa jin ta rage ni da komai ba. Tafintanka ya san haka sarai. Jikan aminiyata ne, mijina ne na wasa, na goya shi ya jiƙa mini zane ba sau ɗaya ba. Da na fito na kama kunnensa, ya rantse mini cewa ya ji tsoron katse komi ne. Ya ƙara da cewa in gode Allah, don da na haye wannan, tambaya ta gaba sunan uban mai ƙara ce. Wato marigayi Malam! Mutumin da tun ina yarinya har ya koma ga Allah ban kira sunansa ba, shi zan kwatsa a gaban gardi? Da ya taso ya biyo ni da sanda.

Na zauna rumfarka ina huce haushi, sai ga wata Bafulatana daga Ajekoriya tana share ido da gefen mayafi. Ita ma ɗan fari. Ga wata daga Kornaka, dukansu an haɗa ranarsu da tamu, ita kuma mijinta ne mai ƙara. Ka sa a ɗaga tulin nan a duba ƙasansa. Ina jin za ka tarar rabin abin da ya ƙi motsi ƴaƴan fari ne da mazajen mata masu kunya. Shaidun haya sun tafi, amma iyaye sun bi su.

Na huɗu, nan ne wasa ya ƙare. Ɗan nawa ya ce in ruwan farko ya sauka ba a saurare shi ba, zai hau mota ya tafi kurmi ya yi dako. Dako, da kafaɗar da ba ta iya ɗaga tulu. Gonarsa ta kwana ba shuka, tagwayensa Hassana da Usaina su dawo wuyana, ni da nake tashi da dafa bango. Ba roƙon ku biya shi nake yi ba. Ku saurare shi, ku dubi kafaɗar, ku yanke abin da kuka ga gaskiya ne. Abin da ba zan so ba shi ne ya tafi yana ganin bakin uwarsa ne ya kore shi. Tun ranar ya rage cin tuwo. Shamuwa kuwa ta riga ta sauka a kan tsamiyarku. Leƙa taga ka gani, ita ba ta jiran a kira lambarta.

Ga roƙona. A mai da dosiyensa inda aka zaro shi. Idan shaida uwa ce ko matar aure, komi ya karanto sunaye uku ko huɗu a jere, ita ta ɗaga hannu in an zo kan nata. Shaidar haya ba za ta san inda za ta ɗaga ba. Tafinta kuma a ba shi izinin cewa komi ya dakata, tunda ba don kallon rufi ake ajiye da shi ba. Komin ma kada a yi masa faɗa. Baƙo ne, kuma ya ba ni kujera.

Na san za ka duba takardar nan sama da ƙasa kana neman sunan mai ƙarar. Babu shi. Na so in aiko tagwaye su faɗa maka, sai na tuna su ma ubansu ne. Tambayi mijina tafinta, wannan karon zai yi magana, kunnensa bai huce ba.

Ranarmu mai zuwa zan kasance a rumfa tun hantsi. Ku karanto sunan kawai. Ina cikin ɗaki ranar da liman ya raɗa shi, na ji shi ta bayan zana, kuma ban manta ko harafi ɗaya ba. Faɗa ce dai ban taɓa yi ba.

Allah shi ƙara maka lafiya da haƙurin zama da mu, shi raya yaranka, shi sauko da tulin nan har ƙasa, shi ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Ni ce,
Kakar Hassana da Usaina, uwar mutumin da ke ƙasan tuli,
Mai Yara.