Ƙamshin da Na Kai wa Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki haƙuri, ya sauƙaƙa miki nauyin cikin nan da ya hana ki tafiya, ya sauke ki lafiya. Mu nan muna nan yadda kika sani. Gwaggo ta koma kwana a ɗakin Inna, ta ce ba ta son ganinsa a rufe. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, har ya fara faɗa da kowa, kin san ya warke ke nan. Auta ya koma makaranta, amma har yau in ya dawo sai ya nufi ƙofar Inna da sallama kafin ya tuna.

Yaya, ranar da muka yi waya kin tambaye ni ko Inna ta tuna da ke kafin ta cika, na yi shiru har layin ya yanke. Na san abin da kika ɗauka. Ba haka ba ne, bakina ne ya yi nauyi. Amsar doguwa ce, kuma sai na biyo da ke ta wurin aikina, ki yi haƙuri da ni. Ba banza kuka sa mini Sannu-Sannu ba.

Kin san na samu aiki da masu binciken tsirran daji. Da fari kaya nake ɗauka, daga baya shugabarmu, wadda muke kira Malama Mai Tabarau, ta ga ina yawan tsayawa kallon ciyawa, ta ce in dai kallo zan yi gara in koyi yadda ake yinsa. Ta ce kada in wahalar da kaina da sunaye, in fara sanin dangi. Wanda ya yi kwasfa, furensa kamar malam-buɗe-littafi ya naɗe fiffike, dangin wake ne. Wanda ka murza ka ji yauƙi, ka nemi zumuncinsa wajen kuɓewa da auduga. Ciyawa karanta zagayayye ne mai gaɓa-gaɓa, amma akwai mai kama da ita da in ka juya karan a yatsa za ka ji kusurwa uku, wannan gidan su aya ne. Sau nawa na ruɗe a kan wannan, Dogo direbanmu yana dariya yana cewa an ba makaho tabarau. Kama da wane ba wane ba ne. Abin da muka tsinko muna shimfiɗa shi a tsakanin tsofaffin jaridu, mu danne da katako biyu mu ɗaure har ya bushe. Amma muna da doka ɗaya da Malama ba ta wasa da ita: tsiron da aka samu shi kaɗai a wuri, ba a tsinke shi, ko ganye ɗaya.

Ba zan ɓoye miki halin da Inna ta shiga ba. Watannin ƙarshe ba ta gane kowa. Ni da nake juya ta nake ba ta magani, bawan Allah take ce mini, ta yi ta godiya kamar baƙo. Na nuna mata hotonki, ta daɗe tana kallo, ta ce yarinyar kyakkyawa ce, 'yar wace ce. Shi ya sa ban taɓa gaya miki na nuna mata ba.

Wata rana da hantsi muna aiki a gefen wani rafi, na durƙusa kan wani ɗan tsiro da bai kai gwiwata ba. Na juya karan na ji kusurwa huɗu, ganyen biyu-biyu suna fuskantar juna, na ce a raina dangin ɗaɗɗoya da na'ana'a ne, saura ƙamshi. Na shafa na kai hanci. Yaya, sai ga ni a tsohon gidanmu. Kin tuna kwarin nan mai ruwa da ke bayan gidan, inda irin wannan tsiro ya cika, wanda Inna ta hana ki zuwa, kina zuwa a ɓoye? In kin dawo ba ta tambayarki komai, hannunki kawai take kamawa ta sunsuna, asirinki ya tonu. Ina ƙarami sosai a lokacin, ban san na riƙe wannan ƙamshi ba sai ranar.

Na roƙi Malama ta bar ni in yanki reshe ɗaya, na gaya mata dalili. Ba ta ce a'a ba, ta ajiye jakarta muka bi rafin sama da ƙasa muna neman na biyu. Babu. Ta cire tabarau ta goge, ta ce shi kaɗai ne, kuma bai yi iri ba, in muka taɓa shi mun rufe gidansu a wurin. Sannan ta ce amma doka ba ta hana shafawa ba. Na sa tafin hannuna biyu na shafa ganyen a hankali, na maimaita, na dunƙule. Ta ce wa Dogo ya kai ni gida yanzu. A mota na cusa hannuwan cikin riga, Dogo ya fara tsokanata wai ɗan tsako na sato, da ya dubi fuskata sai ya ƙara gudu.

Kin san Gwaggo ba ta barin kowa ya shiga wurin Inna bai wanke hannu ba. Ranar na bi ta gefenta da butarta, tana ta kirana mara kunya. Na zauna a bakin gado na buɗe hannuna kusa da fuskar Inna. Da fari ba ta motsa ba. Can sai ta kama yatsuna, ta ja su zuwa hancinta, ta daɗe. Na ga ta haɗe gira irin ta da, ta ce wato Tsuntsuwa ta sake zuwa kwari ke nan, ba ta jin magana. Sunan da ita kaɗai take kiranki da shi, wanda rabon da in ji shi a bakinta har na manta. Sai ta yi dariya, ta tambaya ko kin ci abinci. Ta ce ba fushi take yi ba, tsoro take ji kada ruwa ya tafi mata da ke. Ban gyara mata ba, Yaya. Na ce kin ci, kuma kin dawo. Ta sa hannuna a ƙarƙashin kumatunta ta yi barci, Gwaggo tana tsaye da buta ta juya fuska ga bango.

Kafin yamma ƙamshin ya gushe. Washegari na koma bawan Allah, haka kuma har ta cika. Ni da nake gabanta ba ta ƙara kiran sunana ba, ba zan ce miki bai yi mini ciwo ba. Amma sunan ƙarshe da ta kira a duniya naki ne, kuma da dariya ta kira shi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Tsiron yana nan, na kafa masa sanda na ɗaura ƙyalle. Ya fara fure, ina jiran irin ya nuna in aiko miki. Kafin nan, Malama ta ce danginsa sun bazu ko'ina a duniya, har inda kike. In kin sauka kin samu ƙarfi, ki duba gefen ruwa: kara mai kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu. Ki shafa kawai, kada ki tsinke.

Gwaggo da Kawu suna gaishe ki, Auta ma haka. Ki gaishe mini da maigidanki, da yaranki, Babba da 'Yar Lele mai ƙiriniya. In ta dawo daga wasa, ki kama hannunta ki sunsuna.

Ƙaninki,
Sannu-Sannu