Shamuwa Ta Riga Ta Sauka

Shagari, 4 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gidanmu na Sifawa. Yaya ciwon gwiwa? Na ba Idi direba takarda ne don na san in na kira waya, sai dai in yi ta ɗaga murya kana amsa mini da madalla, ko me na faɗa.

Albishirinka, Baba. Tungar Ɗanmalam ta karɓi allurar rigakafi. Shekara biyu ke nan ina yi wa ƙauyen nan zarya, in zauna gindin tsamiya da akwatin magani, su kawo mini ruwa, su yi mini sannu da hanya, su kuma ɓoye 'ya'yansu a ɗaka. Wata mata mai suna Saratu ce ta karya wannan ƙofa. Baƙon dauro ya kashe mata ɗan fari, ta rantse ba zai sake ɗaukar mata wani ba, ta bi gida-gida tana lallashin mata har maigari Ɗahiru ya sa mini rana.

Hanyar ce ta so ta ba ni kunya. Kai da ka yi shekara talatin kana kai takardun hakimi a kan baƙin keken nan da nake hawa yanzu, ka san hanya biyu ce. Ta kwari awa ɗaya ce, ka gangara ta lambunan albasa, ka tura keke cikin yashin busasshen rafi, ka haura. Ta tudu kuwa awa huɗu, tsakuwa da jan marmara, ga hawa uku da sai ka sauka ka tura. Na san abin da za ka ce. Ka sha gaya mini, in shamuwa ta sauka a bar wa kwari hanyarsa, domin ruwan da ke cika rafi ba a kanka yake zuba ba. To na gan ta, har biyu a kan kukar bakin kasuwa. Amma sama fes take, ko ɗigo ba mu samu ba a nan, sai na bi kwari.

Na tarar da rafin cike maƙil, ja wur, yana tafe da kara da rassan itace. An yi ruwa can gabas ban sani ba. Na tsaya jiran ya janye, bai janye ba, na juyo na kama tudu. Tsakuwa ta fasa mini tayar baya sau biyu, na yi faci a rana. Sauri dai ya haifi nawa. Ban isa ba sai da la'asar ta kusa, ƙanƙarar cikin akwatin duk ta zama ruwa.

Wallahi, Baba, na same su suna jira. Tun safe suke zaune, mata da goyo, har an yanka mini kaza. Yara ashirin da uku na yi wa allura, ta farko Suwaiba, ɗiyar Saratu mai wata tara, wadda ta riƙe mini yatsa tana dariya har sai da ta ji tsinin. Na cike wa kowa katinsa na sa hannu.

Ya kamata a ce ina murna. Gajiya ce ƙila ta hana. A gaishe da Inna, ka ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanka,
Nafi'u

Shagari, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, da fatan zafin bazarar nan bai matsa muku ba. Na ji saƙonka cewa na yi wuyar gani, ko na zo ba na zama. Gaskiya ne, kuma yau zan faɗa maka dalili. Ka karanta kai kaɗai.

Baƙon dauro ya shiga Tungar Ɗanmalam tun farkon watan jiya. Cikin yara ashirin da ukun nan da na yi wa allura bara, goma sha bakwai sun kwanta, huɗu sun rasu. Suwaiba na ciki. Ran Talata aka kai ta makwancinta, uwar kuwa da tsohon ciki, ko tsayuwa ba ta iya yi sosai.

Baba, akwai abin da ban rubuta maka ba a takardar bara. Maganin nan gari ne a cikin 'yar kwalba, sai an zo yin allura ake haɗa shi da ruwansa. In an haɗa, awa shida ne iyakarsa, shi ma a cikin sanyi. In ya ji zafi ya mutu, ya koma ruwan banza. Ni kuwa na haɗa shi tun a nan kafin in hau keke, wai don in na isa in fara nan take, matan su koma aikinsu da hantsi kafin wata ta canza shawara. Na yi lissafi da hanyar awa ɗaya. Da na buɗe akwatin a gindin tsamiyar nan, awa tara ta wuce, kwalaben sun yi ɗumi kamar shayin da aka manta. Na sani sarai. An koya mini, ni ma na koya wa wasu.

Abin da ya kamata shi ne in ce su yi haƙuri, in dawo wata rana. Na dubi matan, na dubi Saratu da ta sa sunanta a gaba saboda ni, na ji ƙanshin kazar, sai kunya ta kama ni, da tsoron in na sallame su ba za su sake fitowa ba. Na ce a raina ƙila da sauran ƙarfinsa. Da wannan ƙila na tsira wa yara ashirin da uku allura, na ba iyayensu kati mai cewa sun tsira.

Yanzu kullum ina can ina duba masu jinya. Ba wanda ya ɗaga mini murya. Wasu na cewa allurar ba ta da amfani, wasu na cewa ita ta kira ciwon. Ni kaɗai na san maganin ba shi da laifi. In na yi shiru sun tsani maganin, in na faɗa ban san abin da zai rage ba. Abinci ba ya shiga, ko kukan yaro na ji a kasuwa sai gabana ya faɗi. Ka ba ni shawara, Baba, kuma ka yafe mini, domin ka sha yi mini faɗan shamuwa tun ina ƙarami ban ji ba.

Ɗanka mai neman gafara,
Nafi'u

Shagari, 10 ga Fabrairu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Na gode da sabuwar sarƙar keke da ka aiko, ta zauna daidai.

Ka tambayi yadda ake ciki. Tun da ka rubuto mini cewa wanda ya ɓata rijiya shi zai faɗa wa masu sha, na yi yadda ka ce. Na faɗa wa manyana a wurin aiki, suka ba ni takardar gargaɗi, suka bar ni a kan hanyar ƙauyen don babu mai son ta. Na kuma je gaban maigari Ɗahiru da dattawa na faɗi komai, ban rage ko ɗaya ba. Sannan ya ce rai na Allah ne, sun yafe mini, kuma ya yaba da na faɗi gaskiya. Amma ya yi mini tambaya ɗaya. Ya ce tunda ranar nan da fara'a na yi allurar, na kuma sa hannu a kati, ta yaya uwa za ta bambance ruwa mai rai da matacce in na sake zuwa? Wata tara ke nan ina neman amsa ban samu ba.

Duk Alhamis ina zuwa. Rani ne, rafi ya bushe ƙayau, amma ta tudu nake bi, ƙafata ta ƙi kwari. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji ka. Ina naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, in tura a hawa ukun nan, in isa kafin azahar. Ina buɗe shi a gaban kowa, in nuna ƙanƙarar, in nuna garin a kwalba ba a haɗa ba. Maza su leƙa su ce madalla, su wuce. An haifi yara goma sha ɗaya tun bara, ba a kawo mini ko ɗaya ba. Ga zafi ya fara, an ce ciwon ya ɓulla a wasu ƙauyuka wajen Danchadi.

Jiya Saratu ce ta kawo mini ruwa a ƙwarya, kamar yadda ta saba yi wa baƙo. Tana goye da yaron da ta haifa bayan rasuwar Suwaiba. Ba sai na tambaya ba, na ƙirga, watansa tara cif, lokacin allurarsa ke nan. Ya miƙo hannu ta kafaɗarta yana son kama ƙararrawar keken. Na buɗe baki in roƙe ta, sai ta tambaye ni lafiyar mutanen gida, ta gyara tsayuwa yadda jikinta ya shiga tsakanina da shi. Ta jira na sha, ta karɓi ƙwaryarta, ta koma da baya-baya har ta shige zaure.

Na zauna har la'asar, na ɗaure akwatin a bayan keke na kamo hanya. Da na iso na buɗe shi don in mayar da kwalaben cikin firji, duk suna nan cif, ƙanƙarar ma da sauranta.

Alhamis mai zuwa zan koma in Allah ya yarda. Ka sa yaron nan a addu'a, Baba. Ban san sunansa ba, ba ta faɗa mini ba.

Ɗanka,
Nafi'u